Kwabon da Na Goge da Toka

Assalamu alaikum, Abba.

Ko kuwa in ce ɗana, tunda kai ka ja. Tun ranar da aka raɗa mini sunan mahaifiyarka, marigayiya Hajiya, bakinka bai taɓa kama sunana ba. Kullum Mamana, Mamana, har maƙwabtanmu na hawa na uku suka ɗauka sunan yanka ne. To yau Maman taka ce ta ɗauki biro. Ina gaishe ka da gajiyar ɗaurin kaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiya da sanyin rai, musamman sanyin ran, don za a buƙace shi. Gobe za ka tashi zuwa Kano, wata biyu ba za mu gan ka ba, kuma ba zai yiwu in bar ɗana ya kama hanya ban ce masa komai ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Umma. Kwabon da ke cikin jan akwatin nan da za ka kai wa Alhaji Ɗanlami ba shi ne wanda ka saya ba. Ni na musanya shi. Na Hajiya ne, daga cikin gwangwanin tsofaffin sulallan da ta bar mini. Na goge shi da toka da lemon tsami na saka a wurin. Na gaskiyar yana nan bai ɓata ba, yana naɗe a cikin wani littafina, amma ya ji rauni. Yau kwana goma sha tara ke nan.

To, na rubuta. A littattafan da nake karantawa, idan yarinya ta faɗi magana mai nauyi irin wannan sumewa take yi, a zo a yayyafa mata ruwa. Na ajiye biron na jira, ban suma ba. Saboda haka zan ci gaba.

Ka san abin da ya hana ni yin shiru har ka tafi? Kai da bakinka ka ba mu labarin Alhaji, sau nawa ma. Shi ya fara ɗora ka a jirgi zuwa Dubai lokacin ba ka da komai sai jaka ɗaya. Mahaifinsa ɗinkin buhu yake yi a gindin dalar gyaɗa, shi ya sa duk cikin sulallan da yake tarawa ba wanda yake so kamar kwabo ashirin da biyar mai hoton dalar, wanda Hajiya ke kira sule biyu da sisi. Ka ce yana da na kashewa cike da kwano, amma na bugun musamman ya neme shi ya gaji. Ka ce a gaban mutanen majalisarsa za ka miƙa masa. Ka kuma ce yana rataye da gilashin dubawa a wuya kamar carbi. Abba, mutumin da ke yawo da gilashi a wuya, kafin ya gama ce maka sannu da zuwa ya gane. Daga nan ɗayan biyu ne, ko ya ɗauka ka yi masa wayo, ko ya ɗauka an yi maka. Idan na biyun ne, na san ka, daga filin jirgi shagon Ammu Yusuf, Balaraben da ya sayar maka da shi, za ka wuce ka ci kwalar tsohon da bai yi maka komai ba sai gaskiya.

Bari in faro daga shagon, don can laifina ya faro.

Ka tuna ranar. Ka ɗauke ni daga makaranta muka sauka a unguwar Al Rigga, muka bi ta lungun nan na bayan masu canji. Ka ce in zo in yi maka tafinta, wai Turancinka na kargo ne, daga kwantena sai kilo. Ammu Yusuf ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan gilashin kantarsa, ya zura farar safar hannu kamar likita. Yana buɗe baki wayarka ta yi ƙara.

"Wane irin ba a loda ba? Tun jiya fa kayan nan ke zube a Port Saeed! Ba ni shi, ba ni direban!"

Ka toshe wayar da tafin hannu ka ce, "Mamana, saurara mini, ki faɗa mini a gida," ka fice bakin titi. Ta cikin gilashi ina hango hannunka na sama yana ƙasa.

Da muka dawo gida ka tambaye ni me tsohon ya ce, sai na ce, "Ya ce mai kyau ne." Shi ke nan abin da na isar maka daga bayanin da ya kai rabin awa. Kunya ce, ga baƙi a falo, ga hankalina na kan wani labari da na bari a tsakiya. Wannan kuskure na farko ne, kuma da na faɗa maka komai a ranar da kai da kanka ka kama ni washegarin musanyar. Ɗana, idan masani yana magana a kan abin da za ka saya, ka kashe waya. Kwantena ba ta da ƙafa. Kuma kada ka ƙara barin amanar kunne a hannun yarinyar da ke kallon silin tana murmushi ita kaɗai.

Ga tafintar, ta makara amma ta iso.

Kwabo biyu ya ajiye a kan ƙyallen, iri ɗaya, hoto ɗaya. Ya ce da ni, "Shufi, ya binti, duba da kyau. Wannan an buga shi don a sayi burodi. Wannan an buga shi don a kalla." Na kashewa, in ji shi, bugu ɗaya inji ke yi masa ya wurgo shi cikin 'yan'uwansa, suna faɗa wa juna, tun kafin ya fita gidan bugun ya sami tabo. Na kallon kuwa, wanda masu sana'ar ke kira furuf, sai an goge ƙarfen tukuna ya yi santsi, an goge hatimin da za a buga shi da shi, sannan a buga a hankali, a sake bugawa, wani lokaci a ƙara. A ɗauke shi da hannu shi kaɗai, a rufe a cikin gidansa na roba mai garai-garai. Bai taɓa gogar wani kwabo ba, bai taɓa shiga aljihu ba.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi, da muryar da ni ma da ƙyar na ji, ko sabon kwabo fil da bai taɓa zuwa kasuwa ba shi ma furuf ne. Ya ɗaga yatsa ya ce, "La, la. Sabunta daban, haihuwa daban. Furuf tun a wurin bugu yake furuf. Wanda ba a buga shi haka ba, ko a auduga ya kwana shekara hamsin ba zai zama ba."

Sai ya karkata shi ƙarƙashin fitila ya ce in leƙa. Abba, filin da ke bayan dalar nan madubi ne. Na ga idona a ciki, har gashin ido. Ita kuma dalar da 'ya'yan gyaɗar ba sa sheƙi, fari-fari suke, dishi-dishi, kamar an barbaɗa musu garin sukari, sai suka zama kamar suna iyo a kan ruwa. Buhunan kuwa kowane da layinsa, kana iya bin su da ido. Gefensa a tsaye yake cak, da kaifi, ba kamar ɗayan ba da hannaye suka cinye masa baki ya yi laushi kamar tsohon sabulu.

Wannan idon nawa da na gani shi ya ja mini. Kada ka yi dariya. A littafin da nake karantawa a makon akwai yarinyar da ake ta faɗin kyan idonta shafi bayan shafi, ni kuwa ba wanda ya taɓa cewa komai a kan nawa sai Umma, ita ma cewa take in daina ƙura shi a waya. A cikin kwabon nan sai na ga kamar nawa ma ba laifi. Na so in sake gani, ba tare da robar ta shiga tsakani ba.

Ranar Laraba ce, bayan azahar. Kana ofis, Umma ta hau sama wurin maƙwabta. Na ɗauko akwatin daga durowarka, na ce kallo ɗaya zan yi. Na sa farce na ɓalle robar. Ban san haka take da taurin kai ba, sai da na matsa, tana buɗewa kwabon ya yi tsalle. Na cafe shi kafin ya kai ƙasa, na ji daɗi ma, har na ce alhamdulillahi. Da na buɗe hannu sai ga babban yatsana kwance a kan madubin, a sararin da ke saman dalar. Ga shi na shafa man hannu mai ƙamshi ban daɗe ba. Zanen yatsan ya fito raɗau, layi-layi, kamar wanda ake dangwalawa a ofishin biza.

Ɗana, kada ka buɗe robar nan. Ko Alhaji ya ce ka buɗe, ka ce shi ya buɗe. Idan ta kama dole ka riƙe irinsa, ta gefe ake kamawa, da yatsa biyu, kamar yadda kake ɗaukar kofin shayi mai zafi ta bakinsa. A yi a kan shimfiɗa mai taushi, ba a tsaye a tsakiyar ɗaki kamar wata ba. Hannun mutum ko an wanke da sabulu akwai maiƙo, kuma maiƙon ci yake, yana daɗewa yana shiga ƙarfen.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma me ɗiyarka ta yi? Abin da take gani kana yi wa tabarau ɗinka, a ranakun da ka yarda ka saka shi. Na kai shi baki na ce hah, na kama gefen mayafina na murza. Mayafin ma mai taushi ne, irin wanda ka kawo mana da salla. Zanen yatsan bai tafi ba, ya dai baje. Da na karkata shi wajen taga sai na ga wasu siraran layuka sun bi ta kan madubin duk sun nufi gefe ɗaya, kamar sawun tsintsiya a tsakar gida. Minti ɗaya kafin nan babu su.

Ba a gogewa. Ba da mayafi ba, ba da auduga ba, ba da komai ba. Ammu Yusuf ya faɗa mini wannan har sau uku a ranar farko, ina gyaɗa kai kamar na fi kowa ganewa. Ya ce ko magana kada a yi a saitinsa, don tururin baki na barin ɗigo. Kai kuwa na san ka da labari, ga ka da dariya mai feshi, Allah Ya ba ka haƙuri. Idan Alhaji ya buɗe, ka ja baya taku ɗaya sannan ka ba da labarinka.

Yanzu ga babban. Ina tsaye da shi a hannu sai Hajiya ta faɗo mini a rai. Ka tuna hutun da na yi a wurinta kafin ta rasu? Kowace safiya sai ta fito da kwanukan silba da tukwane ta zaunar da ni a bakin rariya, ga toka ga ɓarin lemon tsami. Idan na ce ya fita, ta karɓa ta juya shi ta ce, "Takwara, wannan kika kira fita? Ina fuskarki a ciki? Ƙara hannu." A wurinta duk ƙarfen da ya dushe ƙazantar mai shi ce. Haka na taso na sani, haka Umma ma ta sani. Kafin Ammu Yusuf, ba wanda ya taɓa ce mana akwai ƙarfen da wanki ke kashewa.

Toka a Dubai ba abin samu ba ce, amma akwai kaskon turaren wutar Umma. Na kwashe tokar gawayin, na yanko lemo a firji. Allah Ya taimake ni da abu ɗaya, na ce bari in gwada a kan wani tukuna. Na zazzage gwangwanin Hajiya a kan gado, sai ga sule biyu da sisi mai dala, iri ɗaya sak, ya yi duhu kamar bayan tukunya. Na hau shi da murza. Abba, ya fita. Ya yi ƙyallin da har ya fi naka ɗaukar ido. Ina riƙe da su biyun, ɗaya mai tabo ɗaya na walƙiya, sai na ji takun Umma a bene tana sallama da maƙwabciya. Ban zauna na shirya ba, wallahi. Hannuna ne ya riga ni. Na jefa na Hajiya a robar na danne, na mayar da akwatin, na cusa naka a tsakiyar littafi.

Umma ta shigo tana shinshina ta ce, "Wa ya taɓa mini kasko? Kuma me ya kawo warin lemo ɗakin nan?"

Na ce, "Kurajen fuska nake shafa wa."

Ta ce, "Da toka? Allah Ya shirye ki. Wannan ma a littafin kika gani?"

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ita ce ranar da na fi shan wuya a rayuwata. Ka dawo masallaci da abokanka, aka ci shinkafa, sai na ji ka ce, "Bari in nuna muku abin da zan kai wa maigida." Ina shigowa da tiren shayi akwatin na yawo hannu zuwa hannu.

Kawu Sani ya ɗaga shi sama ya ce, "Kai! Wannan ai sai da baƙin gilashi. Yanzu wannan ɗin da muke sayen rake da shi ne aka yi wa gida da katifa?"

Ka ce, "Kai dai ka san rake. Wannan furuf ne, ba irin na aljihun kakarka ba."

Ya ce, "Furuf ko fura? Ni da na sani da ban bari tsohuwa ta ba yara nata suna wasan 'yar carafke ba. Da yanzu ina da bene a Jumeirah."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce daga ganin ƙyallin ka san ba ƙarya. Ka juyo ka ce, "Ga shaidata nan, Mamana ce ta yi tafinta. Ko ba haka tsohon ya ce ba?" Na ƙara sauri da tiren shayi ya fantsalo, har Kawu Sani ya ce, "Shwayya-shwayya, a hankali, Hajiya, shayin ba gudu zai yi ba." Na dire na fita. A kicin na tsaya ina kallon tukunya har Umma ta tambaye ni ko aljanu ne.

Mutum shida ne a falon nan, duk 'yan kasuwa, duk masu ido. Kawu Sani yana taɓa shadda da yatsa biyu ya gaya maka inda aka saƙa ta. Amma ba wanda ya gane, don kowa ƙyalli ya duba, sai jan akwati da takardar da ke ciki. Ɗana, ƙyalli ba shaida ba ne, yarinya da ɓarin lemo ma tana yin sa. Akwatin da takardar kuwa na gaske ne, ban taɓa su ba, kuma da su na rufe maka ido. Kwabon za ka duba, ba gidansa ba.

Ga yadda za ka gani da kanka. Ka saka tabarau, don Allah, ba wanda zai ce ka tsufa, mu kaɗai ne a gidan. Ka je bakin taga da su biyun. Na cikin akwatin ko'ina sheƙi yake, filin da dalar da rubutun duk ɗaya, don toka ba ta san inda za ta tsaya ba. Naka na gaskiya filin ne kawai madubi, abin da ya taso kuma dishi-dishi. Ka nemi layukan buhuna a na akwatin, za ka ga saman dalar ya shafe ya zama sumul. Ka juya bayansa ka dubi gashin dawakin da fikafikan mikiyar, a ɗaya sun narke, a ɗaya kamar yau aka zana. Sannan ka karkata shi a hankali. Ƙarƙashin ƙyallin akwai ƙananan ramuka da ƙarzunan da ya samo a kasuwa shekara da shekaru, gogewa ba ta cike su ba, haske kawai ta sa musu. Ka kawo kan biro kusa da filin kowanne. A naka za ka ga biron sarai, a ɗayan inuwa ce kawai ke motsi.

Akwai abin da ya rage ban faɗa ba. Makon jiya na raka Umma sayen turare, shagon bai da nisa da na Ammu Yusuf. Tana cikin ciniki na ce zan sha iska, na zame. Sau biyu ina wuce ƙofarsa kafin na shiga. Na ce masa wata ƙawata ce ta taɓa furuf da yatsa, kuma ta ɗan goge da mayafi, me za ta yi?

Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, "Wannan ƙawar taki, tsayinku ɗaya?"

Na sunkuyar da kai. Bai matsa ba, Allah Ya saka masa. Ya ce in gaya mata ta cire hannunta, khalas, kada ta ƙara yi masa komai. Zanen yatsa, idan bai daɗe sosai ba, akwai masu aikin da ke iya rage shi da wani ruwa nasu, ba a gida ba. Layukan mayafi kuwa sun zauna ke nan. Darajarsa ta sauka, bai ɓoye mini ba. Amma ya ce furuf mai rauni furuf ne har gobe. Na tambaya ko yana da wani irinsa, ya buɗe hannuwa ya ce wancan ma shekaru ya yi kafin ya faɗo masa.

Sai na ce, to idan ƙawar tawa ta goge wani tsoho na kakarta ya yi kyau fa? Nan ne fuskarsa ta canza. Ya ce, "Haram alaiki, ya binti. Me tsohon ya yi mata? Duhun nan nasa ne, shekarunsa ne. Masu tarawa sun fi son sa da duhunsa sau goma." Ya ce wanda ya san sulalla zai karɓi mai rauni da hannu biyu idan an gaya masa gaskiya, amma goggagge a gidan furuf, wannan ba ya manta wanda ya kawo masa.

A jirgin metiro muna dawowa na yi ta tunanin maganar duhun nan. Kai ka ba ni labarin yadda Hajiya ta riƙe ku da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana ƙulle cinikin a bakin zane. Duhun da ke jikin kwabon nan hannunta ne, Abba, da man da ke hannun. Ya biyo ni har Dubai a cikin gwangwani bai goge ba, ni na zauna na kankare shi cikin minti biyar don in rufe laifina. Na Alhaji na ji tsoro a kansa. Wannan kuwa na yi kuka, Umma na tambaya na ce turaren ne ya shiga mini ido. Sauran na gwangwanin ban taɓa su ba kuma ba zan taɓa ba. Idan ka je gida ka ga irinsu a ɗakin Gwaggo, ka hana yara wanke su.

Sai shirun kwana goma sha tara, wanda shi ya fi duka muni, don Ammu ya ce zanen yatsa ƙara kamawa yake kullum. Sau uku ina zuwa faɗa maka. Na farko na tarar kana raha da Umma na ce kada in ɓata. Na biyu na tarar ranka a ɓace na ce kada in ƙara. Na uku na tsaya a gabanka har ka ce, "Mamana, me kika ajiye wa ɗanki?" na ce ba komai, ruwa na zo tambaya ko za ka sha. A littafi kullum wani ne ke tsintar wasiƙa ko ya ji magana ta bayan labule, asiri ya tonu ba tare da yarinyar ta buɗe baki ba. Na jira irin wannan, ba wanda ya tsinci komai. Idan ka yi ɓarna, ɗana, ka faɗa a ranar da zafinta. Ranar da ta dace ba ta zuwa, na gwada na gani.

Shawarata a kan Alhaji, idan uwa mai laifi tana da bakin shawara, ka kai masa na gaskiyar a gidansa na roba. Kafin ya ɗaga gilashi ka riga shi, ka ce akwai zanen yatsa a saman dalar da 'yan layuka, kuma 'yarka ce ta yi. Kada ka rufa mini, ka faɗi sunana, ko ka ce mai sunan Hajiya tunda ba ka iya faɗa. Idan ya so ya ji daga bakina ka kira, zan yi magana. Na Hajiya kuma ka dawo mini da shi gwangwaninsa.

Sauran kaɗan ne. Maganin hawan jininka yana aljihun gaba na baƙar jaka, safe ake sha, ba lokacin da aka tuna ba. Kada ka ce za ka rama kilishin shekara biyu a mako ɗaya. Ka gaishe da Gwaggo da su Yaya, ka je kabarin Hajiya ka yi mata addu'a har da tawa. Da na so in ba ka sunayen littattafan da za ka taho mini da su, amma na duba na ga ba wannan tafiyar ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya sa ka tarar da kowa ƙalau, Ya sanya albarka a abin da ka je nema, Ya ƙara danƙon zumunci tsakaninka da maigidanka, Ya rufa maka asiri a gaban mutane. Allah Ya dawo mana da kai cikin farin ciki. Ka yafe mini.

Mamanka.

Ƙari. Niyyata in cusa takardar nan da littafin a ƙarƙashin kwalin dabino, ka gani sai ka isa Kano, faɗan ya zo mini ta waya ya huce a hanya. Har na ɗaga kwalin. Amma yanzu aka yi la'asar, Ammu Yusuf ya buɗe shago, kuma idan akwai abin da za a iya yi wa zanen yatsan nan yau ne kawai ya rage. Ga shi ina jin ka a falo kana kokawa da kwali kana kiran a kawo maka salatif. Zan kawo, da wannan a samansa. Kuma ba zan gudu ɗaki ba, zan tsaya a nan har ka kai ƙarshe.